Ruwa Ba Ya Tsami Banza: Bayani A Kan Koɗewar Murjani A Cikin Teku

Wannan bayani ne a kan wata masifa da ta auka wa murjani a cikin tekunan duniya, da dalilinta, da kuma abin da ya shafi mutumin ƙasar Zuru a cikinta, wanda watakila bai taɓa ganin ruwan da ya fi Kogin Kwara faɗi a Yawuri ba.

A ran 15 ga watan Afrilu na shekarar 2024 hukumar Amurka mai lura da al'amuran teku da sararin sama ta ba da sanarwa cewa murjanin duniya ya shiga koɗewa ta gama-gari, karo na huɗu ke nan tun da aka fara lissafi. Da shekara ta kewayo, a watan Afrilu na 2025, masana suka sake ƙidaya, suka tarar tun daga farkon 2023 zafin da ke koɗar da murjani ya taɓa kashi 84 cikin 100 na wuraren da ya ke zaune, a ƙasashe da tsibirai fiye da 80. A karo na farko, watau 1998, kashi 21 ne abin ya taɓa. A na biyu, 2010, kashi 37. A na uku, wanda ya ɗauki tun daga 2014 har 2017, kashi 68. Duk wanda ya jera waɗannan lambobi huɗu a kan allo ya dube su, ba ya bukatar mai duba ya gaya masa inda aka dosa.

Fasali na farko: mene ne murjani

Bahaushe ya san murjani tun da daɗewa, amma a wuyan mata ya san shi da cikin kayan amarya. Fatake Larabawa na Tarabulus da Gadamas su ne su ke ratso Hamada da shi a bisa raƙuma har kasuwar Kurmi ta Kano, daga nan 'yan koli su rarraba shi gari gari. Almajiri kuwa a allo ya fara cin karo da sunansa, gama an ambace shi tare da lu'ulu'u a cikin Suratur Rahman. Wannan jan murjani na ado asalinsa Bahar Rum ne, a gaɓar Tunas da Aljeriya da Italiya a ke ciro shi daga ƙarƙashin ruwa.

To, abin da ya kamata a fara sani shi ne, murjani abu ne mai rai. Wata 'yar dabba ce ƙarama mai taushin jiki, galibinsu ba su wuce ƙwayar dawa ba, tana da baki ɗaya wanda 'yan yatsu suka kewaye, da su ta ke kama abin da ruwa ya kawo mata. Tana tsotso sinadarin alli daga ruwan teku ta gina wa kanta ɗaki mai tauri ta zauna a ciki. Dubbai bisa dubbai su ke zama manne da juna, na baya su yi gini a kan kufan na da, kamar dai yadda gara ke tayar da suri. Abin da mata ke ratayawa a wuya, gidan ne bayan mai shi ya mutu.

Murjani iri iri ne, amma a nan kashi biyu ya isa a rarrabe. Akwai jan nan na ado, wanda ke zaune a zurfi da cikin koguna inda hasken rana ba ya isa sosai. Akwai kuma magini, mai zama a ruwa marar zurfi, mai ɗumi, mai garai, wanda ke tayar da tuddai da ganuwa a cikin teku. Mafi girman gininsa ita ce Babbar Ganuwar Murjani ta gabashin Ostareliya, tsawonta kilomita 2,300, watau kusan tafiyar jirgin ƙasa daga Kano zuwa Ikko da komowa. A kan wannan magini ne bayanin nan zai fi tsayawa.

Alhazan da, waɗanda suka tafi Makka da ƙafa ta Barno da Wadai da Darfur, sun ga aikinsa da idonsu. A garin Sawakin na bakin Bahar Maliya su ke jiran jirgin ruwa zuwa Jidda, kuma gidajen Sawakin da na tsohon garin Jidda da tubalin dutsen murjani aka gina su. Ƙuncin mashigar Sawakin, wadda murjani ya kewaye, yana cikin abin da ya sa Ingilishi suka fara gina sabuwar tasha a Bur Sudan a 1905, domin manyan jirage. Hausawa da yawa daga cikin matafiyan nan ba su komo ba, zuriyarsu na nan a Sudan har yau. Har a nan kusa ma akwai shaida. Farin dutsen da a ke haƙa a Kalambaina ta Sakkwato don yin siminti, masana duwatsu sun sami ɓawon dabbobin teku da burbushin murjani a cikinsa, abin da ya nuna teku ta taɓa kwanciya a wannan yanki, kimanin shekara miliyan 60 da suka wuce bisa ƙiyasinsu.

Fasali na biyu: mai masauki da baƙuwarsa

Ruwan da magini ke zaune a ciki garai ya ke don ba shi da abinci da yawa. To, yaya 'yar dabba kamar ƙwayar dawa za ta sami ƙarfin gina ganuwa a wurin da babu abinci? Amsar ita ce, ba ita kaɗai ta ke ba. A cikin naman jikinta akwai wata irin gansakuka ƙarama ƙwarai, wadda ido ba ya gani sai da madubin ƙara girma, kuma a fili mai faɗin farcen yatsa akan sami fiye da miliyan ɗaya. Wannan gansakuka tsiro ce, tana yin abin da ganyen dawa ke yi, watau ta haɗa hasken rana da ruwa da iskar kabon ta yi sukari. Mafi yawan sukarin nan mai masaukinta ta ke miƙa wa, har yakan kai kashi 90 cikin 100 na abincinsa. Shi kuwa ya ba ta wurin kwana da tsaro, ya ba ta iskar kabon ɗin da ya ke fitarwa, ya kuma ba ta dattin jikinsa wanda a wurinta taki ne. Launin murjani ma, na ƙasa-ƙasa da na ɗanyen ganye, galibi nata ne.

Manomin ƙasar Zuru ba baƙo ba ne ga irin wannan zama. In ya tuge gyaɗa ko wake ya dubi saiwar, zai ga 'yan ƙulle-ƙulle, a cikinsu akwai ƙwayoyin halitta masu cin abincin shukar su biya ta da taki, shi ya sa gonar da aka yi wake bana ta ke yin dawa baɗi. Dattawa kuma sun san zamanin da bayan kaka makiyayi ke kafa mashekari a gona, shanu su ci kara da harawa, su bar wa gona kashinsu, kowa ya tashi da riba. Zaman cuɗe-ni-in-cuɗe-ka ke nan. Amma irin wannan zama yana da sharaɗi, sai kowa na samun rabonsa ya ke ɗorewa. Ran da ƙunci ya zo, ɗaya ya daina biya ko ya fara ɓarna, sai a raba gari.

A kan wannan amana ta mai masauki da baƙuwa aka gina dukiya mai yawa. Tuddan murjani ba su kai kashi 1 cikin 100 na ƙasan teku ba, amma kusan kashi ɗaya cikin huɗu na jinsunan halittun teku a nan su ke samun abinci ko mafaka ko wurin haihuwa. Ɗaruruwan miliyoyin mutane ne ke ci daga kifinsu, ganuwar kuma ita ce ke karya mafi yawan ƙarfin igiyar ruwa kafin ta isa gidajen bakin gaɓa.

Fasali na uku: abin da zafi ke yi

Tun da aka fara ƙona gawayin ƙasa da man fetur da gas a masana'antu da jirage da motoci, iskar kabon ta ke taruwa a sama tana riƙe zafin rana kamar bargo. Kafin zamanin injuna akwai kashi 280 cikin miliyan na wannan iska a sararin sama. Da aka fara auna ta kullum a dutsen Mauna Loa na tsibirin Hawai a 1958 an tarar ta kai wajen 315, a 2024 kuwa ta haura 420. Fiye da kashi 90 cikin 100 na ƙarin zafin da ta riƙe, teku ce ta shanye shi.

Murjani kuwa yana zaune ne dab da iyakar zafin da zai iya ɗauka. Idan ruwa ya haura zafin da ya saba da shi a watan da ya fi kowane zafi da digiri 1 tak, ya kuma daɗe haka kamar mako huɗu, sai koɗewa ta fara. In ya kai mako takwas, sai mutuwa ta biyo. Mai karatu kada ya raina digiri ɗaya, ya tuna jikin mutum a 37 ya ke da lafiya, in ya kai 38 ko 39 an ce zazzaɓi. A watan Yuli na 2023 an auna ruwan wani lungun teku a kudancin Fulorida ta Amurka aka tarar ya haura digiri 38, ya fi jinin mutum zafi.

Ga yadda amanar ke warwarewa. Zafi da ƙarfin rana in sun haɗu sukan lalata wurin da gansakuka ke dafa sukari a cikin jikinta, sai hasken da ta ke kamawa ya rasa inda za shi, ya koma haifar da wani abu mai dafi wanda ke ƙona namanta da na mai masaukin. A lokacin nan kuma ta rage abin da ta ke miƙawa, alhali shi zafi ya ƙara masa bukatar abinci. Baƙuwar da ke ciyar da gida ta zama mai cutar da shi, sai ya kore ta. Da ta fita, namansa ya koma garai kamar gilashi, farin allin da ke ƙasa ya bayyana, tudu guda ya yi fari fat kamar an shafe shi da farar ƙasa. Wannan shi ne koɗewa.

Murjanin da ya koɗe bai mutu ba tukuna, yunwa ya ke ji. In ruwa ya huce cikin 'yan makonni yakan karɓi gansakuka ya farfaɗo, ko da ya ke zai daɗe da rauni, ga saurin kamuwa da cuta, ga ƙarancin haihuwa. In zafi ya zarce sai ya mutu, ciyawar teku ta rufe kufansa, kifaye su watse. Koɗewar 1998 ta kashe wajen kashi 8 cikin 100 na murjanin duniya, ta fi yin ɓarna a Tekun Indiya, a gaɓar Kenya da Tanzaniya da tsibiran Seshel da Maldib. Tsakanin 2009 da 2018 an sake rasa kashi 14. Babbar Ganuwa ta Ostareliya ta rasa kusan kashi 30 cikin 100 na murjaninta na ruwa marar zurfi a shekara ɗaya, 2016.

Babbar matsala ita ce rashin hutu. Murjani mai rassa, wanda ya fi saurin girma, yana bukatar shekara 10 zuwa 15 kafin ya mayar da abin da ya rasa, mai dunƙule kuwa wajen santimita ɗaya ya ke ƙarawa a shekara. A farkon shekarun 1980 wuri guda kan yi shekara 25 ko 30 kafin mummunar koɗewa ta komo masa, amma zuwa 2016 tazarar ta ragu zuwa wajen shekara 6. Babbar Ganuwa ta koɗe a 1998 da 2002, sa'an nan a 2016 da 2017 da 2020 da 2022 da 2024. Bayan na 2016 da 2017 an ƙidaya 'ya'yan murjani da suka kafu a 2018, aka tarar sun ragu da kashi 89 cikin 100, domin iyayen sun mutu. Manomi ya san bambancin shekarar da aka yi asarar amfanin gona da shekarar da aka cinye har iri.

Bahar Maliya ma bai tsira ba. Wani bincike da aka buga a 2010 ya nuna wani irin murjani mai dunƙule na tsakiyar wannan teku ya rage girma da kashi 30 cikin 100 tun daga 1998, saboda ɗumamar ruwa. Jan murjanin ado kuma, ko da ya ke ba shi da baƙuwar gansakuka, zafin ruwa ya kashe shi da yawa a gaɓar Faransa da Italiya a 1999 da 2003, ga shi kuwa kaurin reshensa ba ya ƙaruwa da milimita ɗaya a shekara.

Fasali na huɗu: abin da tsami ke yi

Iskar kabon tana da hanya ta biyu ta cutarwa. Kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na abin da mutane ke fitarwa kowace shekara yana narkewa a cikin teku, kuma duk inda wannan iska ta narke a ruwa takan haifar da ɗan tsami, irin wanda harshe ke ji a lemon kwalba mai gas. Masana suna da ma'aunin tsami, lamba 7 ita ce tsaka-tsaki, abin da ya yi ƙasa da ita ɓangaren tsami ne, abin da ya yi sama ɓangaren kanwa ne. Ruwan lemun tsami yana wajen 2. Ruwan saman teku kafin zamanin injuna yana wajen 8.2, yanzu ya sauko wajen 8.1. Har yanzu a ɓangaren kanwa ya ke, wanda ya ɗanɗana gishiri zai ji. Amma ma'aunin nan kowace lamba ɗaya ninki goma ce, saboda haka wannan 'yar sauka tana nufin tsamin ya ƙaru da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu.

Wanda ke son ganin abin da tsami ke yi wa alli, ya jefa ɓawon ƙwai a ruwan lemun tsami ya bar shi ya kwana. A teku abin bai kai haka sauri ba, amma hanyar ɗaya ce. Tsamin yana kame ɗaya daga cikin sinadaran da murjani ke haɗawa ya yi alli, sai kayan gini su yi ƙaranci. Dole kuma murjani ya kashe ƙarfi wajen fitar da tsami daga ɗan wurin da ya ke zuba gininsa. Sakamakon shi ne gini mai rauni, mai ramuka, wanda hadari ke karyawa. An ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, haka tsutsotsi da sauran masu huda su ke samun sauƙin cin wannan gini. Akwai kuma wani tsiro mai ɓawon alli wanda ke liƙe tudun murjani kamar yaɓe, a kansa 'ya'yan murjani su ke sauka su kafu, shi kuwa ya fi murjanin kansa saurin narkewa.

An ga wannan da ido a gaɓar Papuwa Niu Gini, inda iskar kabon ke ɓuɓɓugowa daga ƙasan teku saboda dutse mai aman wuta. A kusa da maɓuɓɓugan, irin murjanin da ke akwai kaɗan ne, masu rassa da kifi ke ɓuya a ciki sun ragu ƙwarai, sai masu dunƙule suka rage. An kuma gwada akasin haka a wani ƙaramin tsibiri na Babbar Ganuwa, a binciken da aka buga a 2016. Masana suka zuba sinadari mai kashe tsami a ruwan da ke ratsa tudun, kamar yadda uwargida ke sa kanwa ta kashe tsamin yakuwa, har ruwan ya koma kusa da yadda ya ke kafin zamanin injuna, sai ginin ya ƙaru da wajen kashi 7 cikin 100. Watau tun yanzu tsami ya riga ya rage aikin magini.

A nan ne cututtukan biyu su ke haɗa kai. Ƙarfin da murjani ke yin gini da shi, da wanda ya ke korar tsami da shi, daga sukarin baƙuwarsa ya ke fitowa, shi ya sa gininsa ya fi sauri da rana bisa ga dare. Zafi ya kori mai dafa abinci, tsami ya tsananta tsadar gini, sai a bar magini da yunwa a gaban aikin da ya fi na da wuya. Zafi shi ne mai kisa da sauri, tsami shi ne mai hana farfaɗowa, kuma uwarsu ɗaya.

Fasali na biyar: idan wani ya ce

Idan wani ya ce, ai halitta takan saba da hali, me zai hana murjani sabawa da zafi? Sai a ce masa, akwai gaskiya a maganarsa. Murjanin Tekun Fasha yana jure ruwa mai digiri 34 zuwa 35 da bazara, na arewacin Bahar Maliya wajen Akaba kuma an gwada shi an tarar yana ɗaukar zafi fiye da wanda ya saba gani. Akwai ma irin gansakukar da ta fi sauran juriya, wani murjanin kan koma gare ta bayan ya koɗe. Amma ita wannan mai juriya ba ta cika yawan kyauta ba, wanda ya saukar da ita yakan rage saurin girma. Murjanin Tekun Fasha kuma cikin dubban shekaru ya sami juriyarsa, ga shi jinsunansa kaɗan ne, kuma shi ma ya mutu da yawa a zafin 2017. Sabo yana bukatar lokaci, ɗumamar yanzu kuwa cikin shekarun rayuwar mutum ɗaya ta ke tafiya.

Idan kuma ya ce, ai ana renon murjani a dasa shi kamar yadda a ke dashen itatuwa, sai a ce masa haka ne, aiki ne mai kyau, yana adana iri. Amma abin da a ke dasawa 'yan kadada ne a gaban dubban kilomitoci, kuma a 2023 zafi ya kashe da yawa daga dashen Fulorida, har sai da aka kwashe wasu aka kai su tankuna a kan tudu. Wanda ke dashe a gonar da wuta ke ci, wutar ya kamata ya fara kashewa.

Fasali na shida: abin da ya shafi mutumin Zuru

Gaɓar Nijeriya ba ta da tuddan murjani, gama Kwara da sauran koguna suna zuba laka da ruwan daɗi a teku, shi kuwa magini ba ya zama a ruwa mai duhu. To, ina ruwan mai noman dawa a Danko ko Fakai ko Sakaba da wannan labari? Ruwansa shi ne damina. Hadarin da ke shayar da gonakin Masarautar Zuru daga Tekun Atlantika iskar kudu maso yamma ke ɗauko shi, kuma zafin ruwan teku yana cikin abin da ke ƙaddara ƙarfin wannan iska da nisan da za ta kai arewa. Farin da ya halaka dabbobi da amfanin gona a ƙasashen nan a 1972 zuwa 1974, da na 1983 zuwa 1985, masana sun binciko cewa sauyin zafin ruwan Atlantika da na Tekun Indiya yana cikin manyan dalilansa. Iska mai ɗumi kuma ta fi ɗaukar tururi, kowane digiri ɗaya yana ƙara mata wajen kashi 7 cikin 100, shi ya sa ruwan mako guda kan sauka a dare ɗaya. Mutanen Kabi ba su manta da ambaliyar 2020 da ta cinye shinkafar fadamu ba, ta 2022 kuwa ta kashe mutum fiye da 600 a Nijeriya. Zafin da ya koɗar da murjani da wanda ke rikita damina abu ɗaya ne. Murjani dai ya riga kowa nuna alama ne don iyakarsa ta fi kusa.

A birnin Paris a 2015 ƙasashen duniya, har da Nijeriya, suka yi alkawarin tsayar da ɗumamar duniya ƙasa da digiri 2, da ƙoƙarin kada ta wuce 1.5. A 2018 kwamitin masana yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce ko a 1.5 za a rasa kashi 70 zuwa 90 cikin 100 na tuddan murjani, a 2 kuwa fiye da kashi 99. Shekarar 2024 ita ce ta farko da zafinta ya haura 1.5 ɗin, a watan Janairu na 2025 kuma shugaban Amurka ya sa hannu a kan takardar fitar da ƙasarsa daga alkawarin. Afirka duka ba ta fitar da kashi 4 cikin 100 na wannan iska, amma masuncin Zanzibar da manomin Zuru suna cikin masu biyan bashin da ba su ci ba. Saboda wannan ne a taron Sharm el-Shaikh na Masar a 2022, a bakin Bahar Maliya inda murjani ke ƙarƙashin ruwa dab da masu taron, aka amince da kafa asusun biyan asara ga ƙasashe matalauta. Wajibi ne ga wakilan Nijeriya su riƙa neman a cika wannan asusu, kuma abin da aka samu ya isa ga manomi.

Amma mai neman haƙƙi sai ya gyara nasa gida. Nijeriya ta yi dokar sauyin yanayi a 2021, ta kuma sa wa kanta wa'adin 2060, alhali tana cikin ƙasashe goma da suka fi ƙona gas a banza a bakin rijiyoyin mai. Wannan aikin hukuma ne. Na talaka kuwa, gaskiya ita ce barin itace ɗaya a Zuru ba zai ceci murjanin Ostareliya ba. Amma ɗorawa da kaɗanya da gawon da aka bari a gona, da dajin da ba a sa wa wuta ba, da waken da aka juya da dawa, su ne ke riƙe ƙasa da laima ran da damina ta saɓa alkawari. Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya da ke Zuru kuma tana da aiki a gabanta na nemo wa manoma iri mai jure zafi da tsaikon ruwa.

Abin lura a ƙarshe shi ne, kowane kashi goma na digiri da aka hana hawa yana nufin wani tudun murjani ya sami shekarun farfaɗowa, wata gona kuma ta sami damina mai tsari. Tsakanin rasa kashi 70 da rasa kashi 99 akwai bambancin wanda ya tsira da iri da wanda ya tashi da rumbu wayam. Masu iya magana sun ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Allah ya ba shugabanni ikon cika alkawari, ya ba manoma damina mai albarka.

Tammat.